Yadda za ka tabbatar wa kotu cewa walet ɗin kirifto naka ne

Wani dattijo mai saro kayan masarufi ya same ni a Garwa bayan la'asar, riƙe da tsohuwar wayar da fuskarta ta tsage. Shekara biyu ke nan yana ba ɗan ƙanensa kuɗi yana saya masa USDT, kuɗin kirifto da ke bin darajar dalar Amurka, da ita yake biyan masu turo masa kaya daga waje. Yanzu sun ɓata, yaron ya ce abin da ya rage a walet, wato ma'ajiyar kuɗin kirifton, guminsa ne. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, kowa a layinmu ya san kuɗina ne." Na ce, "Baffa, alƙali ba a layinku yake ba."

Walet ba ya ɗauke da sunan kowa. Abin da ke rubuce a kundin bulokcen, wato littafin intanet da ake rubuta kowace turawa a ciki, adireshi ne kawai, jerin haruffa da lambobi, sai abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ke da mabuɗin sirri shi ke iya motsa kuɗin, amma riƙe mabuɗi ba mallaka ba ne. Makiyayi ne ke riƙe da sanda yana kora shanu zuwa mashaya, saniya kuwa ta mai ita ce. Don haka abu uku za ka nuna, kuma kowanne da irin hujjarsa: cewa kana da iko da adireshin, cewa akwai abin da ya haɗa sunanka da shi, da kuma cewa kuɗin da ke ciki daga aljihunka suka fito. Ƙa'idar kotun gwamnati a nan ba ta bambanta da wadda muka sani a gaban malamai ba, mai da'awa shi ke kawo hujja. Sashe na 1315 na dokar farar hula da ake aiki da ita a yankunanmu masu Faransanci shi ma haka ya ce.

Kafin komai, kada ka taɓa wayar

Kada ka goge manhajar, kada ka maida wayar sabuwa, kada ka kai ta gyara kasuwa ko da allon ya tsage. Kada ka sauya layi. Saƙonnin WhatsApp da ke tsakaninku, har waɗanda ka yi zagi a cikinsu don fushi, ka bar su yadda suke, domin hirar da aka yanke wa tsakiya lauyan ɗaya ɓangaren zai fara kama ta.

Kalmomin nan 12 ko 24 da manhaja ta ba ka ranar buɗe walet kuwa, daga gare su mabuɗin sirrin ke fitowa, ba a ba kowa su. Ba lauya, ba ɗan sanda, ba magatakardan kotu, balle wanda ya kira ka ya ce shi gwanin dawo da kuɗin da suka ɓace ne. An ciro su ne daga jerin kalmomi 2048, kuma duk wanda ya haddace su ko ya ɗauki hotonsu zai kwashe kuɗin daga Duwala ko daga Dubai ba tare da ya taɓa wayarka ba. Takardar da ta shiga fayil ɗin kotu hannu nawa za ta bi? Akwai hanyoyin nuna kana da mabuɗin ba tare da ka buɗe shi ba, za mu zo kansu.

Sai ka tantance wane irin walet ake rigima a kansa, domin daga nan hanya ta rabu biyu. In kuɗin suna cikin asusun kamfanin musaya ne irin Binance, mabuɗin yana hannun kamfanin, kai dai suna ne a littafinsu, kamar ajiyar banki. In kuma manhaja ce irin Trust Wallet, MetaMask, TronLink ko Electrum, wadda ta ba ka kalmomin sirri, to babu kamfanin da zai zo ya yi maka shaida. Dubi adireshin ma zai gaya maka kundin da za ka bincika: na Tron yana farawa da T, haruffa 34, kuma a kansa yawancin USDT ɗin 'yan kasuwarmu ke yawo, na Ethereum yana farawa da 0x, haruffa 42, na Bitcoin da 1, ko 3, ko bc1.

Bin sawun kuɗin

Wannan shi ne aikin da ke cin lokaci, kuma shi ne ke cin shari'a. Samu babban littafi ko takardar Excel, ka ja layuka: rana, awa, adadin sefa, daga wa, zuwa wa, adadin USDT, lambar shaidar turawa. Kowane saye layi guda.

Fara daga inda kuɗin suke sefa. Je ofishin MTN ko Orange da katin shaidarka ka nemi cikakken bayanin shige da ficen asusunka na watannin da abin ya shafa, mai hatimi, kada ka tsaya ga saƙonnin da ke wayarka. Mutanen Njamena su nemi na Airtel Money ko Moov Money. Za ka lura ba inda aka rubuta kirifto a cikin takardar, sai sunan wani baƙo da ka tura wa sefa dubu ɗari biyar. Dalili kuwa, tun watan Mayun 2022 hukumar COBAC mai sa ido kan bankunan ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Cadi ke ciki, ta hana bankuna da ƙananan cibiyoyin kuɗi da kamfanonin biyan kuɗi mu'amala da kirifto. Hanin kan cibiyoyin yake, shi ya sa cinikin ya koma hannu da hannu, wanda ake kira P2P. Saboda haka takardar MoMo, wato ta asusun kuɗin waya, ita kaɗai ba ta cewa komai. Sai ka haɗa ta da tarihin odar P2P da ke cikin asusun musayar, inda za a ga sunan wancan baƙon, adadin sefan, da lokacin. In suna da adadi da minti suka dace, ƙulli ɗaya ya ɗauru.

Ƙulli na biyu shi ne fitar kuɗin daga kamfanin musaya zuwa walet. Kowace fita tana da lamba mai haruffa 64 da ake kira TxID. Kwafe ta ka liƙa a Tronscan in Tron ne, Etherscan in Ethereum ne, mempool.space in Bitcoin ne, zai nuna maka adireshin da ya tura, wanda ya karɓa, adadi da lokaci. Kyawun wannan hujja shi ne kowa na iya dubawa da kansa, har lauyan abokin shari'arka, kuma ba mai iya gogewa. Amma kula da agogo. Waɗannan shafuka sau da yawa suna nuna lokacin UTC, wato agogon duniya, mu kuwa a Kamaru da Cadi muna gaba da awa ɗaya. Turawar da ka yi sha biyu da rabi na dare za ta fito da kwanan jiya. Rubuta wannan bayani a saman jadawalinka tun kafin wani ya miƙe ya ce ranakun ba su dace ba.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: in daga asusun Binance zuwa wani asusun Binance aka tura ta lambar mai amfani, wannan bai hau bulokcen ba, ba za ka same shi a Tronscan ba. Littafin kamfanin kaɗai ke da shi. Sauke cikakken tarihin asusunka daga shafinsu, ka adana saƙonnin imel na tabbatar da cire kuɗi yadda suka zo, kada ka tura wa kanka kwafi ka goge na asali.

Kai wa wisiye, kada ka dogara da hoton allo

Hoton allo yaro ɗan sakandare ma zai haɗa maka na bogi cikin minti biyar, alƙalai kuma sun san haka. Abin da kotunanmu suka saba da shi shi ne takardar gani da ido ta wisiye, jami'in nan da ake kira huissier de justice da Faransanci. Ka je ofishinsa da wayar da kwamfuta. A gabansa za ka buɗe manhajar, ya ga adireshin da abin da ke ciki, ya rubuta irin wayar da lambarta ta IMEI, wadda ke fitowa in ka danna *#06#. Sannan ka roƙe shi ya buɗe Tronscan a kwamfutar ofishinsa, ba taka ba, ya shigar da adireshin da hannunsa. Ba kowane wisiye ne ya taɓa yin irin wannan aiki ba, don haka rubuta masa matakan a takarda tun daga gida. Ka kuma tsaya a kansa har ya kwafe adireshin daidai, gara a liƙa shi daga kwamfuta da a buga da hannu, domin ƙaramin harafi da babba ba ɗaya ba ne a adireshin Tron. In zai ɗauki hoton allon, ka tabbata ba ka buɗe shafin kalmomin sirri ba.

A wannan zaman ne ya kamata ya saurari saƙonnin murya. Yawancin yarjejeniyarmu a murya take, da Hausa ko Fulatanci: "Kawu, na saya maka dubu biyu, suna nan a ajiye." Wannan jimla ɗaya ta fi shaidu biyar. Kotu a yankinmu yawanci da Faransanci take aiki, saboda haka a nemi tafintan da kotu ta amince da shi ya fassara, a haɗa da muryar ta asali a USB.

Sa hannu da mabuɗin sirri

Yanzu ga hanyar nuna iko ba tare da tona asiri ba. Mabuɗin da ke sa hannu kan tura kuɗi yana iya sa hannu kan rubutu ma. Ka rubuta saƙo, manhaja ta fitar da wani dogon jerin haruffa, shi ne sa hannun. Duk wanda ke da abu uku, adireshin da saƙon da sa hannun, zai iya gwadawa ya ga ko mai mabuɗin wannan adireshi ne ya yi, kuma ba zai ga mabuɗin ba. A Bitcoin, Electrum da Sparrow da Bitcoin Core duk suna da wurin yin haka. A Ethereum ana yi ta MyEtherWallet, kuma Etherscan yana da shafin tantance sa hannu. Gwada tantancewar a gida tukuna da manhajar da ɗaya ɓangaren zai yi amfani da ita, domin sababbin adireshin Bitcoin masu farawa da bc1 ba duk manhajoji ne suka yi ittifaƙi kan tsarin sa musu hannu ba, sai sa hannu na gaskiya ya fito kamar na ƙarya a gaban mutane.

Abin da za a rubuta a saƙon ya fi komai muhimmanci. Sa sunanka, ranar, garin, lambar ƙarar, da wata jimla da wisiye ko lauyan abokin shari'arka ya zaɓa nan take a wurin. Dalilin jimlar yana cikin wani labari sananne. A 2016 Craig Wright, ɗan Ostareliya, ya fito ya ce shi ne Satoshi Nakamoto da ya ƙirƙiro Bitcoin, ya wallafa sa hannu a matsayin hujja. Ba a jima ba masana suka gano an kwafo shi ne daga wata tsohuwar turawa ta 2009 da ke fili a bulokcen. A 2020 kuma aka yi amfani da mabuɗan adireshi 145 daga cikin waɗanda ya gabatar wa wata kotun Amurka a matsayin nasa, aka sa hannu kan saƙon da ke ƙaryata shi. A watan Maris na 2024 babbar kotun Ingila ta yanke cewa ba shi ne Satoshi ba. Tsohon sa hannu kowa na iya tsinta, sabon saƙo da aka tsara a gabanka sai mai mabuɗi.

Rubuta saƙon da haruffa marasa lanƙwasa da marasa alama a ka, domin ko tazara ɗaya aka ƙara wajen kwafewa tantancewar za ta faɗi. Kada ka sa lambar katin shaidarka in za a wallafa sa hannun a intanet. Kuma kada ka sa hannu kan abin da ba ka iya karantawa ba: in wani ya turo maka mahaɗin shafi ya ce ka haɗa walet ɗinka ka danna don a tabbatar naka ne, akwai irin sa hannun da izini ne na kwashe kuɗin.

Manhajojin waya da yawa ba su fito da wannan maɓalli fili ba. To sai a koma gwajin ƙaramar turawa. Wisiye ya zaɓi adadi marar daɗin faɗa, a ce USDT 1.37, ya zaɓi adireshin da za a tura wa, ya ba ka rabin awa. Ka tura a gabansa, ya rubuta TxID. Ka zo da ɗan TRX, kuɗin kirifton Tron, a cikin walet ɗin don kuɗin turawa, in ba haka ba za ka zauna kana zufa a ofishin mutane.

Wata gaskiya da lauyanka ya kamata ya sani tun farko: dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 ta ba sa hannun lantarki mai inganci daraja ɗaya da na alƙalami, amma wanda take nufi yana tafiya ne da takardar shaida daga hukumar tantancewa, tsarin da ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta Kamaru, ke kula da shi. Sa hannun walet ba shi da wannan takarda. Don haka a gabatar da shi a matsayin hujjar fasaha da wisiye ya gani da idonsa, in ɗaya ɓangaren ya musa a roƙi alƙali ya naɗa ƙwararre ya duba.

In ku biyu ne ke da kalmomin, ko asusun da sunan wani yake

Nan Baffa ya faɗa. Yaron ne ya buɗe walet ɗin, shi ya rubuta kalmomin, asusun musayar ma da katinsa da fuskarsa aka yi rajista. Zai sa hannu sau goma in an ce ya sa. In aka tambayi kamfanin, sunan yaron zai bayar. A irin wannan hali gwajin mabuɗi ba ya raba gardama, har yana iya zama makami a hannun wanda ya ci amanar.

Abin da ya rage shi ne asalin kuɗi da yarjejeniya. Takardar MoMo da ke nuna Baffa ya tura wa yaron sefa miliyan ɗaya ƙarfe goma, yaron ya sayi USDT na kusan wannan adadi goma da kwata, kuma haka ya maimaitu sau ashirin. Takardun kayan da aka biya daga walet ɗin, masu ɗauke da sunan shagon Baffa. Littafin shago. Wanda ya ga an ƙirga kuɗi an miƙa. Akwai kuma abin da ake kira sommation interpellative, inda wisiye zai je ya sami mutum ya yi masa tambayoyi ya rubuta amsarsa: wa ya ba ka kuɗin da ka sayi wannan, da wane sharaɗi? Mutum yakan faɗi a ƙofar gidansa abin da ba zai faɗa ba bayan ya kwana da shawarar lauya, don haka a yi wannan da wuri.

In wanda kake ƙara ɗan kasuwa ne kuma lamarin na ciniki ne, doka ta sauƙaƙa maka. Sashe na 5 na dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka sabunta a 2010 kuma take aiki a Kamaru da Cadi duka, ya yarda a tabbatar da huldar ciniki a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har ta lantarki. In ajiya ce tsakanin dangi, alƙali zai fi neman rubutu, a nan ne saƙonnin waya ke shiga su cike gurbi.

Sai maganar gaggawa. Shari'a na iya shekara, kwashe walet kuwa daƙiƙa ce. In kai ma kana da kalmomin, zuciya za ta ce ka riga shi kwashewa. Kada ka yi sai da shawarar lauya, domin kana iya wayar gari kai ne ake tuhuma. Lauya na iya zuwa gaban shugaban kotun matakin farko ya nemi umarnin gaggawa a maida kuɗin sabon walet a hannun amintacce har a gama. In akwai mai iya saitawa, a yi walet mai mabuɗi uku da ba ya buɗuwa sai biyu sun haɗu: ɗaya naka, ɗaya nasa, ɗaya na wanda kotu ta zaɓa. Kamfanin musaya yana iya daskarar da asusu, kamfanin Tether mai fitar da USDT ma yana iya daskarar da USDT a adireshi, amma sun fi amsa buƙatar da ta fito daga masu bincike na hukuma, ba wasiƙar mai ƙara ba. Bitcoin da ke walet na kai kuwa ba wanda zai iya tsayar da shi.

Wace kotu? A Kamaru, bisa dokar tsarin kotuna ta 2006, da'awar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba tana zuwa kotun matakin farko, wadda ta haura haka sai babbar kotu. Saboda haka sai an ƙiyasta kuɗin da sefa, a faɗi ranar da aka ɗauki farashin da inda aka ɗauko shi. In kana ganin cin amana ne ko damfara, sashe na 318 na dokar laifuka ya tanade su, kana iya kai ƙara wurin 'yan sanda, jandarma ko mai gabatar da ƙara. Wannan hanya ce ke buɗe ƙofar neman bayanai daga kamfanonin waya da na musaya, sai dai takan sa a jingine shari'ar neman kuɗin har a gama ta laifi. Ni dai in tsakanin dangi ne, na fi son a fara kai jadawalin nan gaban manya ko fadar Lamiɗo. Yaron da ya ga layi ashirin na ranaku da mintoci sun dace yakan sauko da kansa. In an sasanta a rubuta, kowa ya sa hannu, a yi turawar a wurin, a rubuta TxID a ƙasan takardar.

In mai walet ya rasu

Magada su fara da takardun da aka saba: takardar mutuwa, takardar zaman dangi, da hukuncin kotu mai bayyana magada da wanda zai kula da dukiyar. Da waɗannan ake tunkarar kamfanin musaya, manyansu suna da tsarin miƙa asusun mamaci. Kada wani ya yi wayo ya shiga asusun da wayar marigayin ya kwashe kafin rabo, sawun zai nuna rana da awa, kuma bayan ranar rasuwa ne.

In walet na kai ne, komai ya rataya kan kalmomin, in sun ɓata ba hukuncin da zai dawo da kuɗin. A duba cikin littafin bashi, aljihun jakar tafiya, ƙasan akwatin takardun fili. In an sami wata 'yar takarda mai kalmomin Turanci goma sha biyu da ba su haɗa ma'ana ba, kada a karanta ta a bainar jama'a a zaman makoki, kada a ɗauki hotonta a tura rukunin WhatsApp na dangi. A sa ta a ambulan a manne, magada biyu su sa hannu a kan mannin, a ajiye wurin notaire, jami'in da ke tabbatar da takardun doka, ko wanda kotu ta naɗa. Ranar buɗewa a yi a gaban wisiye, a kan waya sabuwa, a rubuta adireshin da abin da aka tarar, a maida kuɗin sabon walet a zaman nan kafin kowa ya tashi.